Korar Majid

Ranar da Majid ya ce zai ajiye aiki, Hajiya Hadiyya ba ta ko ɗago kai daga tukunyar dambu ba. Ta ce ba ta amince ba, ya wuce ya ɗauko gas.

Gidan abincinta yana unguwar Nuzla a ƙasa mai tsarki, ɗan ƙarami ne: masu girki biyu 'yan Nijar, sai Majid mai tuƙi da kai abinci. A cikin ma'aikatan shi kaɗai ne ɗan ƙasa, don haka shi kaɗai ake yi wa zubin inshorar rasa aiki. Duk wata Hajiya za ta biya kason mai gida, a yanki nasa daga albashi. Tana biya tana mita, wai da zubinta ake ɗaukar nauyin asusun har da masu zaman ofis cikin sanyi. Mace ce da ba ta barin riyal ya fita sai ta san ranar dawowarsa.

Da aka rushe rabin unguwar, masu saye suka watse. Dambu ya fara kwana. Majid, dattijo mai furfura da ciwon suga, yana da 'ya'ya a makaranta ga hayar gida tana jira, amma kunya ta hana shi karɓar albashi a wurin da ba a ciniki. Ya fi so ya tafi da ƙafarsa, a ce mutumin kirki ne.

Ƙa'idar inshorar kuwa ba ta san mutumin kirki ba. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da ko sisi. Wanda aka sallama ba da laifinsa ba, bayan zubinsa ya cika, shi ake biya wata-wata har ya samu wani aikin. Zubin Majid bai cika ba tukuna.

Hajiya ta riƙe shi kamar kaska. Ta sayar da awarwaronta a kasuwar Balad ta ci gaba da zubi. Idan ya makara ta yi masa faɗa, idan ya sa suga a shayi ta ƙwace kofin. Aicha, babbar mai girki, takan ce bawan Allahn nan a gida ma haka yake fama.

Ya sake tayar da zancen har sau biyu. Na ƙarshen ma cewa ya yi mutuncinsa ya fi masa kuɗi. Hajiya ta ce ya kai mutuncin wurin mai gidan haya ya ji nawa zai saya.

A watan da zubin ya cika, ta tara su a bakin ƙofa da rana tsaka, ta sa kwaɗo, ta karɓe makullin motar daga hannunsa.

"Halas, shi ke nan, an rufe. Majid, na sallame ka. Kar ka kuskura ka ce kai ka tafi."

Idonsa ya kawo ruwa, ya ji ciwon abin ƙwarai. Matan unguwa suka yi ta zancen har a wurin suna. Sun ce ko bare ba a yi wa haka a bainar jama'a, balle shi. Hajiya ta ji, ta ce su kawo nasu zubin in suna da shi.

Ƙarshen wata kuɗin ya shigo wayarsa. Ya biya haya, ya sayi buhun shinkafa da rabin rago, ya hau bene yana nishi, ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa.

Hajiya Hadiyya ta buɗe, ta ɗaga buhun ta ji nauyinsa, sannan ta ce wa mijin nata ya cire takalmi, yanzu ta gama goge ɗaki.