Nasihar Baba

"Ƙaro murya mana," in ji ango, "ga Baba yana magana."

Mai bidiyo ya ƙure muryar talabijin, amma shiru. Tsohuwar kyamarar da yake ciyar da 'ya'yansa biyar da ita ta ɗauki hoton bikin ango Barade, ta bar sauti. Ga tsohon a kaset yana yi wa ɗansa nasiha, kwana uku kafin rasuwarsa.

"Kiɗa ya hana ni ji ranar, Malam. Kai ne kusa da shi. Me ya ce mini?"

Mai bidiyo ya sunkuyar da kai. Bai ji ko kalma ɗaya ba. A lokacin hankalinsa na kan jar fitilar batir, yana roƙon Allah kada kyamarar ta ɗauke.