Fitilu Huɗu na Dakta Lucia

Hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari tun kafin Sati ya ɗauke yatsansa daga makunnin. Fitilu huɗun da ya ɗaura a saman jif ɗin suka haska sau ɗaya, suka mutu. Warin ƙonanniyar roba ya cika gidan gaba.

Karambani ne ya ja masa. Dakta Lucia, likitar dabbobin da yake wa tuƙi a Samaru, ita ta sayo fitilun saboda hanyar rugagen bayan Shika, inda magariba kan riske su cikin kwazazzabai. Da za ta tafi Jos ta ce ya kai wa mai wayarin ya haɗa su duka a kan makunni ɗaya. Shi kuwa Sati ya taɓa gyara tocilan da rediyon maƙwabcinsa, tun daga ranar yake jin kansa injiniya. Ya murɗe wayoyi huɗu wuri guda, ya cusa su a bayan ɗan makunnin. Yanzu ko hon ba ya yi. Ranar Juma'a da yamma Dakta za ta dawo, kuma direban da Sati ya gada a kan fasa madubi kawai aka sallame shi.

Allah ya taimake shi injin ya tashi. Duk direban da ya tambaya a bakin kasuwar Samaru suna ɗaya yake faɗi: Oga Callistus na unguwar Muchia. Sai dai suka gargaɗe shi cewa mutumin yana da doka. Ba a tsaya masa a kai. A shigar da mota tsakar gida, a ja ƙofar ƙarfe, mai mota ya jira a shagon abincin matarsa da ke gaba ko ya kama gabansa.

Ranar Alhamis Sati ya same shi, ƙato mai tumbi, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Hannayensa tas, in ban da ɗan ɗigon manja a bakin hannun rigarsa. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kaɗa kai, sannan ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo wa baƙo ruwa.

Bibiana, wadda kowa ke kira Maman Nneoma, ta zo da kofi. Ta ɗan ja hanci, ta ɗaga kai ta dubi saman motar.

"Duk huɗun ka ɗora wa ɗan makunnin nan?" ta tambaya.

Sati ya karɓi ruwa ya sha. A ransa ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Oga Callistus ya bi matarsa ciki, ya ce zai yi tunani. Da ya fito sai ya zubo bayani tiryan-tiryan kamar mai haddar katakizim a coci. Makunni ɗan aike ne, ba ɗan dako ba. Za a jawo waya mai kauri daga batir, a sa fis, a sa wasu 'yan na'urori biyu da ake kira rile su ɗauki nauyin wutar, shi makunni ya riƙa ba su umarni kawai. Sati ya tambayi wane irin fis. Oga ya ce wannan sirrin aiki ne, ya dawo gobe ƙarfe huɗu.

Kafin ya tafi ya zauna cin sakwara da miyar agushi. Da Maman Nneoma ta ajiye kwano, ya ga ƙumbunanta baƙi ƙirin, ga ƙananan tabon ƙuna a yatsu. Ya so ya fasa ci. Loma ɗaya ta canja masa ra'ayi, har ya suɗe kwano, ya rantse bai taɓa shan miya irinta ba. Matar ta ce ta gode ba tare da ta juyo ba. Mijin ne ya washe baki, har da tambayar ko gishiri ya ji.

Juma'a da ƙarfe ɗaya wayar salularsa ta yi ƙara. Dakta ce. Ta taso da wuri, har sun wuce Pambeguwa, ya zo da mota ya ɗauke ta a tasha. Sati ya tare ɗan acaba, duk hanyar Muchia yana lissafin inda zai nemi wani aikin.

Shagon abinci a rufe. Ya buga ƙofar ƙarfe, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Ya ce doka ta yi haƙuri, ya sa kafaɗa ya tura.

Jif ɗin na cikin rumfa, fitilu huɗu suna haska bango fes. Aka kashe su tare, aka kunna su tare. Hon ya amsa har sau biyu. Wayoyi an jera su lafiya lau a jikin ƙarfen saman, an naɗe su da baƙin salatif kamar kitso. Daɗi ya kama Sati har ƙwalla ta zo masa. Ya durƙusa gaban ƙafafun da suka leƙo daga ƙofar direba cikin wandon aiki.

"Oga, ka ceci aikina! Allah ya saka!"

"Amin," in ji wata murya a bayansa.

Ya waiga. Oga Callistus ne zaune kan kujerar tsuguno a gindin mangwaro, da ludayi a hannu, yana juya tukunyar agushi. Daga ƙarƙashin sitiyari kuwa Maman Nneoma ta zamo, da filaya a hannu, ta ce, "In ka gama godiya, miƙo mini sufana mai lamba goman nan, saura noti ɗaya."