Ƙuri'a Ɗaya Tak a Gidan Dabo

"Zahra, ki rufa min asiri," in ji Dabo, yana safa da marwa a falonsa da ke garin Lanham na Amurka, waya a kunne. "Masu hasashe sun ce kankankan za a yi a zaɓen kujerar majalisar nan, tsakanin mutumin nan mai son korar baƙi da matar da ke karawa da shi. In mutumin nan ya ci, takardun zamana sun shiga uku. Matar za ki zaɓa!"

Duk gidan, 'yarsa Zahra kaɗai aka haifa a Amurka. Ita kaɗai ke da ƙuri'a, can Virginia inda take karatu.

"Baba, ai na riga na aika tawa ta gidan waya."

"Wa kika zaɓa?"

"Mutumin mana. Bara ba kai ka ce in na zaɓi wani ba shi ba, ba ka yafe min ba?"