Soket ɗin Banɗaki

Tun kafin ya gama kwance soket ɗin ya fara tsaki. Injiniya ake ce masa, sunan da shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta a bayan rigarsa don kada a manta.

Matar gidan tana tsaye bakin ƙofar banɗaki, hannu a harɗe. 'Yarta tana asibiti. Yarinyar ta jona hitar ruwa da jiƙaƙƙen hannu, wuta ta yi jifa da ita. Gobe za a sallamo ta, uwar kuma ta rantse ba za ta dawo ta tarar da wannan soket yadda yake ba.

Da shigowarsa ya wuce bayan firij ya kashe wutar gidan, bai tambayi kowa inda akwatin wutar yake ba. Yanzu ga shi durƙushe, yana warware koren salatif daga jikin wayoyi, wani koren yana leƙowa daga aljihunsa.

Soket ne mai tsada, irin mai katse wuta da kansa da zarar ta fara bin jikin mutum. Amma wanda ya ɗaura shi ya cusa wayar da ke kawo wuta a ramin fita maimakon na shiga. Haka ya bar shi yana ba da wuta lafiya lau, kariya kuwa babu ko ta sisi.

Injiniya ya samu abin da yake so. Ya ɗaga wayar sama kamar ya kamo ɓera, ya shiga zazzaga masifa. Jaki ne ya yi aikin nan. Ko maɓallin gwaji bai danna ba, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Irinsu ne ke ɓata wa masu sana'a suna, kowa ya sayi sukudireba sai ya ce shi ma mai gyara ne.

Matar ba ta katse shi ba. Kallonsa kawai take, irin kallon da ake wa abin da aka taka a hanya.

"Wato a ganinka bai kamata ya sake taɓa waya ba?" ta tambaya.

"Ko ta shanyar kaya, Hajiya."

"To ajiye sukudireban, na kira wani yana hanya. Dama so nake in ji daga bakinka. Kai ka ɗaura shi bara."