Tantabarun Auta

Matso kusa, gyara zama ka ji.

Tun da Auta ya rasu a kan babur ɗin da wani saurayi mai gyaran waya ya ara masa, saurayin bai ƙara haɗa ido da yayar marigayin ba, alhali ita yake so. Tantabarun da ya taɓa ba yaron kuwa, kullum sai sun gudo gidansa. Sai ya zuba su a kwando, ya ajiye a bakin ƙofarta, ya sulale ba sallama.

Yau ya sunkuya ke nan, ƙofar ta buɗe.

"Yau na kama ɓarawon da ke ajiyewa ya gudu," ta ce a hankali.

Ya kasa ɗagowa. "Ni na ba shi mukullin."

"Ni kuma na aike shi. Kana tsammanin ina barci?" Ta share idonta da gefen mayafi. "Na rasa ƙanina, kai ma sai na rasa ka?"

Ta buɗe kwandon, tantabarun suka tashi suka nufi gidansa.

"Ƙyale su, sun fi ka sanin inda suke so. Shigo ka gaida Umma, ta gaji da cigiyarka."

Ya tsaya, ƙafarsa ɗaya a ciki, ɗaya a waje.

To, da kai ne, wacce za ka ɗaga?