Giyar Bikin Kendra

Daga saman matakala na hango mijina Duane kwance a ɗakin ƙasa, gefen gangar giya, tiyo a hannunsa, yana minshari.

Shekara shida rabonsa da giya. Da 'yarmu Kendra ta roƙe shi ya dafa ta bikinta, ya rantse mini ba zai ko ɗanɗana ba.

"Juyewa kawai zan yi, Marlys," ya ce da safe. "Gas ne zai tura ta daga tulu zuwa ganga. In iska ta taɓa ta, ta lalace."

Yanzu ga shi a kwance. Na ce, "Sannu gwani, ka juye ta inda ta dace. Saura kwana tara biki, da wane ido za ka kalli yarinyar nan?"

Bai motsa ba.

"Yi ta barcinka. Ni na gaji."

Na ɗauki makullin mota. Na kira karenmu mu tafi gidan yayata, bai zo ba. Da na sake leƙawa, sai ga shi a miƙe kusa da tukunyar gas, harshe waje, tukunyar tana huci a hankali, gas na tsiyaya. Kare dai ba ya shan giya.

Na riƙe numfashi na sauka da gudu.

Duane ya rayu, karen bai rayu ba. Likita ta ce ko ɗigon giya babu a jininsa, gas ɗin ne ya sumar da shi, ta tambaye ni minti nawa na yi kafin in sauka. Har yau ban gaya wa kowa ba.