Hannu a Aljihu

Ana sauke labule, ana tafi raf-raf, sai marubucin wasan kwaikwayon ya hango mahaifinsa a layi na uku. Shi dai bai aika masa da tikiti ba.

Duk New York ta san wasan nan nasa: wani uba mai girman kai, wanda ba ya cire hannu daga aljihu ko da zai gaisa da ɗansa. Har tsohuwar kwat ɗin mahaifinsa ya ɗauko daga gida aka sa wa ɗan wasan da ya fito a matsayin uban. Yau ma an yi dariya har da riƙe ciki.

Tsohon ya shigo bayan dandali, bai ko dubi ɗansa ba, ya nufi ɗan wasan.

"Samari, ka yi ƙoƙari, amma ka saki hannun da yawa. Shafin aljihun za ka damƙe da ƙarfi."

Ɗan wasan ya yi dariya. "Saboda me, Baba?"

"In ba haka ba, za a ga yana rawa."

Tsohon ya zaro nasa hannun, yana ta karkarwa.

"Tun da na dawo daga yaƙi yake haka. Ban so yaron ya tsorata ba."

Sannan ya juyo ya miƙa wa ɗansa shi. "Ungo, ka daɗe kana jira."

Sai a lokacin marubucin ya lura nasa hannuwan duka biyu suna cikin aljihu.